Kafin Igiya Ta Kai Ƙulli na Ashirin

Zuwa ga Alhaji,
Shugaban Kwamitin Kula da Maƙabartar Unguwarmu,
Makera, Kaduna.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti. Yaya hidimar jama'a? Allah ya ba da lada, don aikin matattu babu mai tashi ya gode maka a cikinsu, sai dai Allah ya biya.

Kai ka san ni, Alhaji, amma da yake takardar za ta faɗa hannun waɗanda ba su sani ba, sunana Isiyaku, wanda ake ce wa Malam Isiyaku Tafireta. Shekara goma sha tara na yi ina buga takardu a ofishin wata masaƙa a Kakuri, har ranar da aka sa wa ƙofarta kwaɗo. Ni ne kuma na riƙe rajistar maƙabartar nan shekara ashirin da ɗaya, har zuwa watan da aka kwantar da ni asibiti aka yi mini aikin mafitsara.

Sau biyu na rubuto maka a rufe. Ta farko na ba Sakatare hannu da hannu, ta biyu na kai har zaurenka na bar wa mai gadi. Amsar da na samu ita ce ana dubawa. Ni kuwa na yi aikin ofis, na san inda takardar da ake dubawa take kwana. Don haka wannan karon zan liƙa ta a ƙofar masallacin Juma'a, 'yata kuma za ta sa ta a guruf ɗin unguwa na waya. Wallahi ba don in ci maka fuska ba ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma mutanen da nake magana a kansu suna da 'yan'uwa a raye, ya kamata su ji.

Ga maganar a taƙaice. Ranar Asabar mai zuwa za a ba 'yan gwangwan tsohuwar kwamfutar rajista, tare da karyayyun benci da tsoffin kwanon rufi. A cikinta kaɗai aka rubuta inda mutum arba'in da ɗaya suke kwance, cikinsu har da mai ɗakina, marigayiya Asabe. Masu haƙa suna cikin sahun da take yanzu haka, kuma duk rasuwar da aka yi a unguwa suna ƙara matsowa kusa da ita.

Na ɗaya: yadda muke binne mutanenmu.

Maƙabartarmu ba ta da girma, ba ta kuma da inda za ta faɗaɗa. Gidaje sun tsare ta ta gefe uku, fadama ta tsare na huɗu. Tun zamanin iyayenmu dokar ita ce a zagaya: a fara daga gabas, a cika tsakiya, a gangara yamma, in yamma ta cika a dawo gabas, amma ba a sake buɗe wuri sai ya shekara ashirin da biyar. Kabarinmu ba ya ɗauke da suna. Tudun ƙasa damina biyu ke shafe shi, icce gara ta cinye, in ka kafa ƙarfe kuwa kafin sati ya tafi kasuwa. Marigayi Baba Tanimu, shugaban masu haƙa na wancan lokaci, shi ya fitar da dabarar da muke bi. An rubuta lambar kowane sahu da fenti a jikin katanga, da ƙusa a ƙarƙashinta. Sai a ɗaura wata doguwar igiya mai ƙulle-ƙulle a ƙusar, a ja ta ta miƙe, kowane ƙulli wurin mutum ɗaya. In an ce sahu na tara, ƙulli na goma sha biyu, magana ta ƙare. Shi ya haƙa, ya zo ya faɗa mini, ni in buga suna da rana da sahu da ƙulli, bi da bi yadda aka rasu. Na da can ma, waɗanda ke cikin littattafansa da ɓera ya fara ci, duk na kwashe na zuba a farkon rajistar.

Shekara shida da suka wuce aka yi daminar da ruwa ya kwanta a ɓangaren yamma kusan wata uku. Lokacin kana Legas, ba ka dawo gida ba tukuna. Muka rasa inda za mu sa mutane, mutuwa kuwa ba ta jiran ƙasa ta bushe. Sai Baba Tanimu ya riƙa ɗaukar rodi yana bin gabas yana caka ƙasa, inda ya ji ba laima nan za a haƙa. Ba a jere ba: ɗaya nan, biyu can, wani a sahu na biyu, wani a na goma sha ɗaya. Mutum arba'in da ɗaya muka sa a haka, a tsakanin tsoffin da suka wuce shekara ashirin da biyar. Baba Tanimu ya rasu bayan shekara biyu, abokan aikinsa sun watse, masu haƙa na yanzu babu wanda ya ga waccan damina a cikinsu. Wata huɗu da suka wuce yamma ta cika, aka dawo gabas kamar yadda doka ta ce.

Na biyu: halin tsohuwar kwamfutar.

Ina roƙonka ka daure ka karanta wannan sashe ko da ya gundure ka, don a nan kuskuren ya ɓuya.

Kwamfutar daga masaƙa ta fito. Da aka rufe aka sayar wa ma'aikata da tarkacen ofis, ni da abokin aikina Bulus muka ɗauko ta a babur ɗinsa, ni a baya rungume da ita. Bulus mutumin kudancin jihar nan ne, shi ke kula da ɗakin kwamfuta a masaƙa. Yanzu yana zaune a Trikania, ido ya yi rauni amma kai yana nan garau.

Manhajar rubutun da ke cikinta ta zamanin da ce: shuɗin allo, farin rubutu, ba hoto ba ado, da maɓallai kaɗai ake sarrafa ta. Shekara tara muna zaune lafiya, sai wata safiya na buɗe rajista na ga ta tsaya a tsakiya, da wani layin Turanci a can ƙasa yana cewa memori bai isa ba. Na kira Bulus hankali a tashe. Ya zo ya zauna daga hantsi har la'asar, kuma bayanin da ya yi mini ranar shi zan maimaita maka, don ban taɓa jin wanda ya fi shi sauƙi ba. Ya ce manhajar nan ɗaki ɗaya tak ta sani, mai faɗin kilobait ɗari shida da arba'in. Ko bene mai hawa goma ka gina mata, a wannan ɗakin za ta kwana, kuma duk abin da za ta yi aiki a kai sai ya shiga ɗakin tare da ita. Da zarar an kunna inji kuwa, wasu ƙananan manhajoji suke rigan ta shiga su shimfiɗa tabarma: mai kula da maus, mai kula da faifan sidi, da wata ta haɗa kwamfutocin masaƙa wadda har yau neman 'yan'uwanta take yi. Kafin rajista ta iso, wuri ya ƙare.

Sai ya haɗa mini wani faifai, irin ƙaramin nan mai kusurwa huɗu da ake ce wa filofi. In ka zura shi kafin ka kunna, zai kori waɗanda ba a buƙata, ya tura sauran can saman silin, ɗaki ya yi fili, rajista ta shiga gaba ɗayanta. In ba ka zura ba, manhajar ba za ta ƙi buɗewa ba, kuma nan haɗarin yake. Za ta ɗebi iya abin da ɗakin ya ɗauka daga farkon rajista, ta nuna wancan layi ɗaya na gargaɗi, ta bar ƙarshen a waje. Wanda bai sani ba zai ɗauka ya ga duka.

Akwai kuma batirin agogonta da ya mutu tuntuni. Duk lokacin da aka kunna ta sai ta yi ƙara sau biyu ta tsaya, tana jiran a gaya mata kwanan wata da irin rumbun ajiyar da ke cikinta. Lambobin suna rubuce a wani kwali da na manna a gefenta. Wanda bai san wannan ba zai rantse ta mutu, alhali tambaya take yi.

Na uku: abin da aka yi ina asibiti.

Ka saya wa kwamiti sabuwar laftof daga aljihunka, ka kuma ɗauko wani matashi da ake ce wa Injiniya ya mayar da rajista cikinta. Niyya ce mai kyau, kuma da ina tsaye da ƙafata da ni zan fara yi maka godiya. Ni kaina na daɗe ina tsoron ranar da tsohuwar za ta ƙi tashi.

Ga abin da ya faru, kamar yadda Sakatare da bakinsa ya ba ni labari kafin mu ɓata. Injiniya ya kunna tsohuwar, ta yi ƙararta biyu ta tsaya, ya ce ta mutu. Ya kwance ta, ya ciro rumbun, ya kwafi rajista zuwa laftof. Sabuwar manhaja ta buɗe ta, sai ga wasu alamomi kamar sawun kaji, ba mai iya karantawa. Sai ya nemo wata manhaja da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfuta a cikin sabuwa, ya kunna tsohuwar manhajar rubutu a cikinta. Wannan basira ce, ban raina ba. Amma mai kwaikwayon ta kwaikwayo har da ƙaramin ɗakin, da nata masu shimfiɗa tabarma, faifan Bulus kuma yana aljihun rigata a gefen gadon asibiti. Sunaye suka fito a allo, kowa ya yi murna. Sakatare ya ce ya ga wani layi ya bayyana a ƙasa, Injiniya ya danna maɓalli ya wuce. Ya ajiye abin da ya buɗe a kan kwafin da ya ɗauko, guntu ya hau kan cikakke ya shafe shi. Aka buga guntun a takarda, aka yi masa bango mai kyau, aka miƙa wa masu haƙa.

Ba sai ka yarda da ni ba, Alhaji. Buɗe shafi na ƙarshe na wannan littafi. Za ka ga ya tsaya a tsakiyar sunan wata mata, ba rana, ba sahu, ba ƙulli. Sannan ka nemi sunan limamin da ya ɗaura maka aure, wanda muka sa a gabas a waccan damina. Ba ya ciki. Ka kuma duba shafukan tsakiya, inda layuka suka zame, lambar ƙulli ta koma ƙarƙashin lambar sahu, haruffanmu masu lanƙwasa kuma duk suka zama alamar tambaya. Wannan mai sauƙi ne, ana iya gyarawa da biro. Abin da babu shi ne ba ya gyaruwa da biro.

'Yan kwamiti sun lura cewa shekaru bakwai na ƙarshe ba su fito ba. Aka ce ba komai, ai waɗannan duk a yamma suke, kowa ya san yamma sabuwa ce, ba mai taɓa ta nan da shekara ashirin. Haka ne, ban da mutum arba'in da ɗaya. A littafin da ke hannun masu haƙa, duk gabas ta wuce shekara talatin, duk ta halatta a buɗe.

Na huɗu: ranar Larabar makon jiya.

Na so in bar wannan a cikina, amma barinsa ya hana ni cin abinci. Da hantsi ana haƙa wa wani dattijo mai sayar da itace a sahu na biyu, ƙulli na tara. Littafi ya ce mai wurin ya shekara talatin da uku. Ina tsaye tare da masu jiran gawa. Digar Malam Sabo, shugaban masu haƙa na yanzu, ta daki itatuwan da ake jerawa a rufe mamaci, kuma ba su ruɓe ba. Ɗaya ya gusa, muka ga gefen likkafani. Malam Sabo ya yar da diga ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Aka mayar da ƙasa da sauri, aka matsa ƙulli na goma, aka roƙi waɗanda suka gani su riƙe bakinsu.

Ina kyautata zaton na san ko wane ne. Ba zan faɗi sunansa ba, don mahaifiyarsa tana raye, tana tuyar waina a bakin hanyar da motarka ke bi kullum. Shekara da shekaru ina tsayawa mu gaisa da ita. Tun ranar Laraba na canza hanya, ba zan iya haɗa ido da ita ba.

An ce mini matsayar kwamiti ita ce masu haƙa su yi hattara, in sun ga alama su mayar su matsa gaba. Ranka ya daɗe, kafin a ga alama ai an riga an tone. Mun taso ana koya mana cewa mamaci yana da alfarma kamar mai rai. Da wani zai riƙa bin ɗakunan gidanka yana yaye labule, in ya ga mutum a kwance ya ce afuwa ya saki, ba za ka kira wannan hattara ba.

Na biyar: nawa laifin.

Laifi tudu ne, an ce, ka taka naka ka hango na wani. Bari in sauka daga kan nawa in nuna shi.

Ya kamata a ce duk wanda aka sa a gabas a waccan damina, na koma farkon rajista na rubuta shi kusa da tsohon mai wurin. Na gwada sau biyu. Duk lokacin da na cusa sabon layi a can sama, sai injin ya sandare, sai na kashe na sake kunnawa. Bulus ya ce ɗakin ya cika har baki, kada in motsa abin da ke sama. Sai na riƙa rubuta su a ƙasa kawai, cikin jerin ranaku, da niyyar wata rana zan gyara. Shekara shida ina cewa wata rana.

Ban kuma buga rajistar a takarda ba tun da firintar mai ribon ta lalace, sabbin firintoci kuwa ba su jin yarenta. Kwafi ɗaya da na ajiye a filofi ya yi fumfuna a cikin akwati. Ban koya wa kowa yadda ake tayar da ita ba. In gaskiya ake so, na ji daɗin zama mutumin da ba a iya yi sai da shi, kuma ga inda jin daɗin ya kai mu.

Na ƙarshe shi ne bakina. A taron kwamiti bayan na fito asibiti, da na yi wannan bayani, Injiniya ya yi murmushi ya ce memorin laftof ɗin ya ninka na tsohuwar sau dubbai, ba yadda za a yi wuri ya ƙare. Gaskiya ya faɗa game da laftof, bai dai san halin manhajar ba. Maimakon in lallaɓa shi, sai na ce masa ya iya danna maɓalli amma bai iya karanta layi ɗaya na Turanci ba. Da Sakatare ya ce in janye, na ce shi ma ban taɓa ganin ya karanta abin da yake sa wa hannu ba. Daga ranar mabuɗin siton da aka ajiye kwamfutar ya yi mini nisa, maganar ta tashi daga ta matattu ta koma ta girma. Ina ba su haƙuri a nan, a gaban duk wanda zai karanta wannan takarda. Ciwo ne da tsoro suka yi magana, ba tarbiyyar da aka ba ni ba.

Na shida: Asabe.

Shekara talatin da takwas muka yi tare. Ciwon suga ya ɗauke ta a tsakiyar waccan damina. Baba Tanimu ya caka rodinsa a sahu na biyu, ya ce nan ya bushe, nan muka sa ta. Washegari ya zo ya faɗa mini lambar ƙullin, na buga da waɗannan yatsu nawa, na ajiye, na kashe inji. Ban haddace ba. Me zai sa in haddace, tunda yana cikin kwamfuta? Ita kanta ta sha yi mini tsiya cewa in ba a rubuce ba ko sunana sai in manta, in ta aike ni kasuwar Kakuri sai ta sa na maimaita sau uku a bakin ƙofa. Shekarar farko tudun yana nan, na dasa ɗan dogon yaro a kai, awaki suka cinye. Da ruwa ya shafe tudun, sai na riƙa tsayawa a jikin katanga, wajen lamba biyu, in yi mata addu'a tare da duk 'yan sahunta.

Zan yi wa Sakatare adalci. Duk da abin da na faɗa masa, ya aiko mini cewa in nuna wurin mai ɗakina za a tsallake. Ranar Juma'a bayan an sauko, Malam Sabo ya ɗaura igiya a ƙusa ya ja. Na bi ta ina ƙirgawa. Na tsaya a ashirin da ɗaya, zuciyata ta ce ashirin da uku. Na matsa, sai na ga kamar daga nan ba a hango ƙofa yadda na hango ta ranar, na ƙara gaba. Na kai ashirin da shida na dawo. Ƙasa duk iri ɗaya, ciyawa duk iri ɗaya. Malam Sabo ya juya baya yana gyara igiyar da ba ta buƙatar gyara, don kada ya ga fuskata. Ni, Isiyaku, da na rubuta makwancin dubban mutane, na kasa nuna na matar da ta haifa mini 'ya'ya bakwai. Na yi kuka a wurin, ban kuma jin kunyar faɗa.

Abin da zan iya rantsewa a kai shi ne tana tsakanin ƙulli na ashirin da na ashirin da shida. Za a iya cewa a tsallake bakwai ɗin duka saboda ni. To sauran arba'in ɗin fa? Da yawansu waɗanda suka raka su sun bar gari, wasu sun bi su. Ba su da Isiyaku mai surutu da zai liƙa takarda a ƙofar masallaci.

Yanzu haka kwamfutar tana sito tare da makara da shebur, daidai inda kwano ke yoyo. Na leƙa ta taga. Abin da ya raba ta da ruwan sama shi ne rigar atamfa da Asabe ta ɗinka mata daga guntayen masaƙa, kuma na ga gefen rigar ya jiƙe. Injiniya ya ce a kan kwafi ya yi aiki, bai taɓa asalin ba, ya kuma mayar da rumbun inda ya ciro shi. Na yarda da shi, amma hankalina ba zai kwanta ba sai na ga ƙarshen rajistar da idona. Tun kafin in kwanta asibiti rumbun ya fara wani kuka in yana juyawa. Bulus ya ce irin wannan kukan ba ya daɗewa, mai yiwuwa kunnawa ɗaya ko biyu suka rage mata. Duk sanda hadari ya haɗu, sai in fito tsakar gida in tsaya ina kallon sama kamar mai shanya a waje.

Don haka, ranka ya daɗe, ga roƙona.

Na farko, a cire kwamfutar daga kayan ranar Asabar. In an riga an yi wa 'yan gwangwan alkawari, a gaya mini, ni zan ji da su.

Na biyu, a ɗauke ta daga ƙarƙashin yoyon nan yau, ba gobe ba, kuma kada kowa ya kunna ta don gwaji.

Na uku, a dakatar da haƙa a gabas. Akwai ɗan filin da ke jikin katangar arewa, kusa da ƙofa, wanda ba a taɓa sa kowa ba. Zai ɗauki mutum goma ko fiye, ya ishe mu kafin a warware wannan.

Na huɗu, a ba mu safiya ɗaya da janareto mai lafiya, ni da Bulus da Injiniya, a gaban 'yan kwamiti biyu. Faifan yana nan a hannuna. In ta tashi, kafin a taɓa komai zan karanto arba'in da ɗayan nan daga allo, Sakatare ya rubuta da biro. Bayan haka Bulus zai nuna wa Injiniya yadda za a yanka rajistar gunduwa-gunduwa, kowace ta shiga ɗakin ba matsi, a kwashe su ɗaya bayan ɗaya zuwa laftof, a ƙirga layuka nan da can. In ta ƙi tashi, ya ce ko rumbun kaɗai aka tsira da shi akwai sauran dabara, muddin bai shiga buhun 'yan gwangwan ba. Ina son Injiniya a wurin da gaske. Shi ya san sabuwa, mu muka san tsohuwa, kuma shi zai daɗe bayanmu. Bulus ya ce zai zo ko da jagora. Da na ce masa wahalar ta yi yawa, ga shi babu nasa ko ɗaya a maƙabartar, sai ya ce, "Ni na haɗa faifan, kuma na ci tuwon Asabe."

Na biyar, in an gama a yi kwafi uku, ɗaya a laftof, ɗaya a takarda, ɗaya da rubutun hannu a ajiye wurin Liman. A kuma koya wa mutum biyu aƙalla, kada a sake samun wani irina.

Alhaji, da na fara rubuta wannan takarda shekaranjiya igiya tana ƙulli na goma sha shida. Jiya aka sa wata tsohuwa a na goma sha bakwai. Ɗazu bayan azahar, ina kan sashe na biyar, na ji lasifikar masallaci tana sanar da rasuwar wani tela, za a yi jana'iza bayan la'asar. Shi ne na goma sha takwas. Na kai matsayin da in na ji sanarwar rasuwa, kafin bakina ya yi salati zuciyata ta riga ta yi ƙirga. Allah ya yafe mini wannan. Wuri ɗaya ya rage kafin na ashirin.

Da na san ni za a sa a kan mai ɗakina, da ban dame ka ba, da na naɗe tabarmata na jira. Amma ba ni ke zaɓa ba, kuma ba na so ranar da za a sake ganin Asabe ta zama a bakin diga.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya yi maka jagora a wannan amana, ya shirya maka zuri'a. Allah ya jiƙan mahaifanka da namu. In taka ranar ta zo, Allah ya sa ka kwanta inda ba mai tashinka, ya kuma bar maka a bayanka wanda ya san inda kake.

Wassalam.

Naka,
Malam Isiyaku Tafireta,
Makera.